Ajin tarihin dare na Masta a Aboabo: na biya kudina, na zauna sati takwas, ga abinda na gani

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Tun ranar da na dora hoton taswirar Turai ta 1815 a status dina mutane ke ta damuna da tambaya, wai ajin tarihin da Masta yake yi da dare a Aboabo nan Kumasi karatu ne na gaske ko dai hanyar cin kudi ce, wasu har Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sifeya fat, suka biyoni shago, to gara in rubuta sau daya kowa ya karanta ya yanke ma kansa. Da kudin aljihuna na biya, babu wanda ya sa ni wannan rubutun, shi kansa Masta bai san zan yi ba.

Ga wanda bai san shi ba, dattijo ne da yayi ritaya, ya koyar da tarihi a sakandare tun zamanin da ake fom siks. Yanzu ya ari aji daya a wata Islamiyya, Talata da Alhamis bayan isha, awa daya da rabi, da Hausa yake koyarwa, in kalma ta kakare masa ya jefa Twi ko Turanci ya wuce. Zagayen da na shiga na sati takwas ne, akan yake-yaken da aka gwabza kafin Italiya da Jamus kowacce ta hade ta zama kasa daya. Sidi 150 ne duka, kana iya biya sau biyu ta MoMo, 'yan makaranta rabin kudi. Mu 23 muka fara, mu 14 muka kai karshe.

Ni dai sifeya fat nake saidawa, rabin kayan shagona na Benz ne, tun ina yaro a gaban ubangidana nake jin ana cewa kayan Jamus basa karya, kuma duk Kumasi an san boga, wanda yaje Hamburg ya dawo da sarka a wuya. Amma abinda ya kaini ajin nan kanina ne. Shekararsa bakwai a Brescia can arewacin Italiya, ta Agadas ya bi ya shiga Libiya ya hau jirgin roba aka tsince su aka sauke a Sisili, Allah ne kawai ya raya shi. Wata rana a waya yake ce min Yaya ka san mutanen nan na arewa yanda suke raina 'yan kudancin kasarsu kusan haka suke raina mu? Nace ba kasa daya bane, ba yare daya ba, ba addini daya ba? Yace shima bai gane ba. Maganar nan ta dade tana cina, da naga sanarwar ajin a gurup din masallacinmu ban ko yi shawara ba.

Daren farko shi kadai ya isa kudin, wlh. Masta ya manna taswirar Turai ta 1815 a allo ya mika ma wani yaro sanda yace nuna min Jamus. Yaro ya duba sama ya duba kasa, babu. Yace to nuna min Italiya. Babu. Inda Jamus take yau kananan kasashe ne 39, sarakuna da 'yan sarki da birane masu cin gashin kansu, manyan cikinsu biyu, Ostiriya da Furushiya, suna hararar juna kaman kishiyoyi. Italiya kuma Ostiriya ta rike Lombardi da Benis, Fafaroma nada kasarsa a tsakiya da sojojinsa da harajinsa, kudu duka har Sisili na sarkin Napoli ne, sai wata masarauta a lungun arewa maso yamma, Piedmont, da babban birninta Turin. Yace Metternich, wazirin Ostiriya, cewa yayi Italiya sunan wuri ne kawai a taswira ba kasa ba. Sai ya juyo ya tambaye mu yaushe Osei Tutu sarkin Asante ya kada masarautar Denkyira a yakin Feyiase, wata yarinya 'yar SHS tace 1701, yace to ku lissafa, Asanteman, wato daular Asante, ta girmi kasar Jamus da shekara 170. Ajin yayi tsit. Wani Baba Alhaji mai saida goro da ke zama a gaba ya cire hula ya mayar, yace Masta maimaita. Ni kaina a raina gani nake kasashen Turawa haka Allah ya halicce su da iyakarsu da tutarsu, mu ne kawai aka zana da rula.

Kyawun koyarwar mutumin nan bai taba barinka a Turai kai kadai, kullum sai ya jawo abin ya kawo shi kofar gidanku. Da yazo kan hadakar kwastan da Furushiya ta jagoranta a 1834, wadda suke kira Zollverein, bai tsaya dogon Turanci ba, ya dubi Baba Alhaji yace Alhaji daga nan zuwa Kano da buhun goro shinge nawa kake biya? Alhaji ya fara lissafo Aflao da Hilakonji da Seme, ajin ya dau dariya da tsaki lokaci guda. Yace to haka dan kasuwan Jamus yake a da, kowane dan karamin sarki da shingensa, sai aka cire shingayen tsakaninsu, kuma da gangan aka bar Ostiriya a waje, tun kafin a harba bindiga daya aljihun mutane ya riga ya karkata Balin, babban birnin Furushiya. Wannan bayanin na gane shi har kashina sbd kwantena nake jira duk wata uku.

Sati uku da rabi muka yi a Italiya. Ya kasa mana mutanen uku yanda ba zaka manta ba: Mazzini mai wa'azi da alkalami, wanda ya kafa kungiyar matasan Italiya a 1831 yana gudun hijira, Cavour firayim ministan Piedmont daga 1852, mai lissafi kaman dan kasuwar Kejetia, sai Garibaldi jarumin jar riga wanda ya koyi yaki a Kudancin Amurka. Yunkurin 1848 da 1849 bai dade a kai ba, mutanen Milan sun kori sojan Ostiriya cikin kwana biyar, sarki Carlo Alberto ya shigo da rundunarsa aka lallasa shi a Custoza aka kara masa a Novara, ya sauka ya bar ma dansa Vittorio Emanuele na biyu. Abinda Cavour ya koya daga nan shine karamin yaro baya kada kato sai da wani katon a bayansa, shi yasa ya tura soja yakin Kirimiya a 1855 inda bashi da ko akuya, don dai ya samu kujera a teburin manya, sannan a 1858 ya hadu da Napoliyon na uku sarkin Faransa a asirce a Plombières suka kulla: Faransa ta taya shi korar Ostiriya, shi kuma ya bada Nice da Savoy lada.

Sai daren Solferino. Wannan daren ba zan manta da shi ba har in mutu. An dauke wuta, Masta ya kunna tocin wayarsa ya jingina da kwalbar ruwa ya cigaba. 24 ga Yuni 1859, wajen mutum 300,000 a fili daya cikin zafin rani, sarakuna uku kowa da kansa a wurin, na Faransa da na Piedmont da Franz Joseph na Ostiriya, tun asuba ake yi har la'asar hadari ya taso. Da aka watse wajen mutum 40,000 na kwance, wasu matattu wasu da rai, babu ruwa babu likitan kirki, kuda da kishi na karasa wanda harsashi bai karasa ba. Wani dan kasuwa daga Geneva, Henri Dunant, yazo neman Napoliyon ne akan harkar gonarsa ta Aljeriya, ya fada cikin abin, ya hada matan wani gari Castiglione suka rika dauko masu rauni suna kaiwa coci suna basu ruwa ba tare da tambayar na wane bangare bane, suna cewa duk 'yan uwa ne. Daga nan Red Cross ta samo asali a 1863, da yarjejeniyar Geneva ta 1864. Da Masta ya haska taswira naga Solferino kusa da Brescia take, bai kai tafiyar awa daya a mota ba, jikina yayi sanyi, ashe kanina yana kwana yana tashi a gefen wannan filin bai sani ba. Ya kuma gaya mana abinda ban taba ji ba, cewa cikin rundunar Faransa akwai sojojin Aljeriya, Musulmi 'yan uwanmu, da ake kira Turcos, sun yi yakin 1859 kuma sun sake zubar da jini a Wissembourg a 1870, a rigimar da ba tasu ba ko ta kakansu.

Napoliyon ya tsorata da jinin da ya gani da kuma motsin Furushiya a bayansa, yaje Villafranca ya sasanta da Ostiriya bai ko shawarci Cavour ba, aka samu Lombardi aka bar Benis. Cavour yayi fushi ya ajiye aiki, daga baya ya dawo.

Labarin Garibaldi kuwa ko yaran da ke latsa waya a baya sai da suka ajiye. Mutum dubu da 'yan kai, yawanci dalibai da lauyoyi da masu sana'a, da tsofaffin bindigogi, a jiragen ruwa biyu daga Quarto kusa da Genoa, suka sauka Marsala a Sisili ranar 11 ga Mayu 1860, suka ci Calatafimi, suka ci Palermo, suka haye suka nufi Napoli, ranar 7 ga Satumba ya shiga birnin a jirgin kasa sarki ya riga ya fice. Dan hakin da ka raina kenan. Kuma shi haifaffen Nice ne, garin da Cavour ya saida ma Faransa a shekarar nan, ka duba irin dacin da ke ransa amma bai fasa ba. A Teano ranar 26 ga Oktoba ya hadu da Vittorio Emanuele ya mika masa rabin kasa sukutum ya koma tsibirinsa Caprera yana noma. Baba Alhaji yace kura da shan bugu gardi da karbar kudi, Masta yace Alhaji ka gama darasin. Don a 1862 da ya sake tasowa zai kamo Roma sojan wannan sarkin ne suka harbe shi a kafa a Aspromonte. An ayyana masarautar Italiya 17 ga Maris 1861, Cavour ya rasu watan Yuni na shekarar, bai ci ko wata uku a cikinta ba.

To anan na fara samun matsala da ajin, kuma ita ce babbar matsalar da zan fada, ba benci ko wuta ba.

Masta mai son wanda yayi nasara ne. Abinda ya faru a kudancin Italiya bayan Garibaldi ya tafi, wanda shine ainihin abinda nazo ji, minti goma bai ba shi ba. Ya fadi kuri'ar raba gardama da aka yi a Sisili watan Oktoba 1860, masu eh sama da 430,000 masu a'a 667, ya fade ta kaman abin alfahari. Mu da muka ga zabe iri-iri a kasar nan mun san me irin wannan lissafin yake nufi, ballantana a fili ake jefa kuri'ar kowa na kallonka. Sai da na matsa masa bayan an tashi, na raka shi har bakin titi yana jiran pragya, keken haya mai kafa uku, sannan ya bude min: talakawan Sisili sun bi Garibaldi ne don suna zaton za a raba musu gonaki, da suka tashi da kansu a wani gari Bronte a watan Agusta 1860 mataimakinsa Nino Bixio ne yazo ya sa aka harbe mutum biyar, bayan hadewa kuma aka dora musu dokokin Piedmont da harajinta da daukar soja dole, mutane suka shiga daji da bindiga, gwamnati ta kira su 'yan fashi ta tura soja sama da 100,000 shekara da shekaru ana kone kauyuka. Yace a lokacin masu jin yaren da yau ake kira Italiyanci masana na kiyasin basu wuce kashi 10 cikin 100 ba, sojan Turin da manomin Kalabiriya basa ma fahimtar juna. Daga baya miliyoyi suka kwashe kayansu suka hau jirgi zuwa Amurka da Ajantina da Barazil neman abinci, kaman dai yanda yaranmu ke yi yau. Nace Masta wannan ai shine amsar tambayar kanina, me yasa baka fada a aji ba? Yace dana lokaci ne babu. Ban yarda ba. Lokacin da ya kashe yana zana mana yanda Moltke, babban hafsan sojan Furushiya, ya jera runduna ya isa a fadi wannan sau uku.

Bangaren Jamus nan ne ransa yake, ana gani a fuskarsa. Kuma gaskiya ya iya shi. Majalisar Frankfurt ta 1848 da farfesoshi da lauyoyi suka shekara suna muhawara suka mika ma sarkin Furushiya kambun sarautar Jamus ya ki karba don daga hannun talakawa ya fito. Bismak ya hau kujerar firayim ministan Furushiya a Satumbar 1862 ya gaya ma 'yan majalisa cewa manyan al'amuran zamani ba da jawabi da kuri'a ake warware su ba, da karfe da jini ne. Yakin Denmak na 1864 akan Schleswig da Holstein dare daya muka yi masa. Na 1866 da Ostiriya kuwa, a matsayina na mai harkar karfe naji dadinsa sosai, don Masta ya kawo bututu da sanda ya nuna mana bambancin bindigar da ake durawa ta baki, dole ka mike tsaye kana dannawa ana kallonka, da bindigar allura ta Dreyse da ake sa ma harsashi ta baya, kana kwance a kasa ka harba sau da yawa kafin dan Ostiriya ya gama dura daya. Ga layin dogo biyar da Moltke ya kwashi soja da su zuwa iyaka, ga waya ta telegiram. Ranar 3 ga Yuli a Sadowa aka gama da Ostiriya, duka yakin sati bakwai. Italiya ta shiga bayan Furushiya, aka doke ta a kasa a Custoza aka doke ta a ruwa a Lissa, amma duk da haka ta samu Benis don abokin kawancenta yaci.

Sai 1870. Rigimar wa zai hau gadon sarautar Sifen, sakon da sarki Wilhelm na Furushiya ya aiko daga Ems wanda Bismak ya datse ya gyara ya ba jaridu yanda kowane bangare zai ji an ci masa mutunci, Faransa ta hau dokin zuciya ta shelanta yaki 19 ga Yuli, kasashen kudancin Jamus irin su Bavaria da da suke dari-dari da Balin suka shigo. Bindigar Faransa Chassepot tafi ta Jamus nisa, amma igwar karfe ta kamfanin Krupp na Jamus da tsari suka rinjaya. A Sedan farkon Satumba aka kama Napoliyon na uku da kansa da soja wajen 100,000. Faransa ta riga ta janye sojanta da ke gadin Fafaroma, Italiya ta fasa ganuwar Roma a Porta Pia 20 ga Satumba ta shige, kaga yanda zaren biyu suka hade wuri daya, wannan kullin Masta ya nuna shi da kyau. Aka yi ma Paris kawanya wata hudu har mutane suka ci dawakai da beraye da giwayen gidan zu. 18 ga Janairu 1871 aka nada Wilhelm sarkin sarakunan Jamus, ba a Balin ba, a dakin madubi na fadar Versailles ta Faransa, aka kwace Alsace da wani yanki na Lorraine aka dora tarar faran biliyan 5.

Daren da ya gama wannan samarin ajin suka tafa. Masta ya dauki zafi yace abinda Afirka ta rasa kenan, Nkrumah jawabi yayi ta yi a Addis Ababa a 1963 shi yasa har yau muna nan a rarrabe, da mun samu Bismak daya da tuni an wuce wurin. Na daga hannu nace Masta a gafarce ni, ni dalibinka ne ban kai in ja da kai ba, amma mutanen Hanover fa? Kai ka gaya mana Jamusawa ne, sun yi yaki a bangaren Ostiriya, sun ma ci fadan Langensalza kafin a zagaye su su mika wuya, aka kori sarkinsu makaho aka hadiye kasarsu, haka aka hadiye Frankfurt da Nassau da Hesse-Kassel babu wanda ya tambaye su. In Bismak din Afirka ya taso, wa ya ce mu ne Furushiya? In mu ne Hanover fa? Kuma mu 'yan Zango da ko yau wani sai ya kalle ka ya tambayi daga ina kakanka yazo, in aka fara hada kasa da karfe da jini wa kake gani za a fara takawa? Yace dana tsintsiya sai an daure ta take shara. Nace haka ne Masta, amma wulakancin da aka yi ma Faransa a dakin madubin nan ai bai mutu ba, a 1919 a wannan dakin dai aka zaunar da Jamus ta sa hannu, tsakanin nan da can kuma mutum nawa aka binne? Yayi shiru kadan, sannan yace mu tashi dare yayi. Ban ji dadin yanda ya rufe maganar ba, har gida ina juyayi, don yaran nan 'yan shekara 17 da 18 ne, abinda suka dauka suka tafi da shi shine mai karfi shi ke da gaskiya, kuma daga bakin dattijon da suke girmamawa.

Amma zan yi masa adalci. Alhamis din da ta biyo baya, wadda ita ce ta karshe, ya shigo da wata taswira daban, ta Gana da Togo, yace jiya ban yi barci ba saboda maganar dan Magazine. Ya nuna mana cewa Bismak din nan dai shi ya kira taron Balin daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 inda Turawa suka tsara ka'idar rabon Afirka, a 1884 din Jamus ta kafa tuta a Togo, suka hauro har Kete Krachi suka kafa bariki, garin da Hausawan Salaga da yawa suka koma bayan yakin basasar 1892, cikinsu har da babban malami Imam Umaru, a 1896 kuma suka karkashe mayakan Dagomba a Adibo kusa da Yendi, daga baya aka raba Dagbon, kasar Dagomba, biyu tsakaninsu da Ingila. Italiya ita ma da ta gama kukan 'yanci ta juyo Afirka, Menelik sarkin Habasha ya karya ta a Adwa a 1896, a 1911 ta fada Libiya, Libiyar da kanina ya kwana a gidan yarinta. Ya tuna mana cewa shekara uku kacal bayan Versailles, a Fabrairun 1874, Wolseley, janar din Ingila, ya kona Kumasin nan da muke zaune, kuma akwai sojan Hausa a rundunar da Glover, wani hafsan Ingila, ya taho da ita, wannan ma bai boye ba. Ya rufe da kuri'ar 1956 da Togon Ingila ta zabi hadewa da Gold Coast. Wannan daren yafi kowanne, kuma shi ya kamata ya samu sati guda cur, ba a cusa shi a awa daya da rabi ana kallon agogo ba.

Sauran korafina kanana ne amma gara ku sani kafin ku biya. Bencin na yaran Islamiyya ne, babban mutum in ya zauna awa daya gwiwarsa sai ta gaya masa, ku zo da kujerar roba in kuna kusa. Fotokwafin taswirar da ake rabawa baki da fari ne, kasashe 39 duk sun zama toka daya, ni sai da na dauki hoton ta allo da waya. Sau uku ya makara fiye da minti 20, sau daya bai zo ba sam kuma sai da muka zauna muka gaji sannan sako ya shigo, duk da dai ya rama ranar Asabar. Voice note din da yake turawa a gurup bayan kowane darasi yana da amfani ga wanda bai samu zuwa ba, amma wani sai ya kai minti 40 da karar fanka da kukan jikoki a ciki, data ta tafi. Mata hudu ne suka fara, biyu suka bari don ana tashi wajen goma saura kuma layin babu fitila, na gaya masa ya duba ko zai sa nasu ajin ranar Lahadi da rana. Sunayen Turawan nan ma baya rubuta su a allo sai an roka, kuma wanda zai je ya kara bincike a intanet dole yana bukatar rubutun daidai.

Duk da haka in ka tambaye ni ko ka biya, zan ce ka biya. Sidi 150 a sati takwas bai kai kudin waakye da nama na kwana biyar ba, kuma ban san wani wuri a Kumasi da zaka zauna a warware maka wannan tarihin da harshen da kake mafarki da shi ba, ka daga hannu ka tambaya ba tare da jin kunyar Turancinka ba. Dan makaranta zai karu, dan kasuwa zai karu, wanda yake da dan uwa a Italiya ko Jamus ko yake shirin tafiya shi yafi kowa bukata. Sai dai in kaje kada ka zauna kana gyada kai kawai, in ya fara yabon Bismak ka tambaye shi wadanda aka taka, ya san amsar, a cikinsa take, sai an tono. Zagaye na gaba yace bayan karamar sallah ne, kuma ya min alkawari a gaban Baba Alhaji cewa kudancin Italiya zai samu darensa guda.

Na tura ma kanina voice note din Solferino da wanda na dauka da kaina ina maimaita abinda Masta ya gaya min a bakin titi. Lahadin da ta wuce shi da wani abokinsa dan Tamale suka shiga mota suka je. Ya turo min hoton wata karamar coci da aka jera kokunan kan mutane a bango tun daga kasa har sama, sama da dubu, ba a ware na Faransa da na Ostiriya ba. Ya kirani daga kofar wurin muryarsa na rawa, yace Yaya wasu daga cikinsu kila masu sallah ne ko? Nace kila. Yace to bari in yi musu addu'a kafin mu juya.